Submariner 16610 babu takardu, ko sabon Seamaster daga kanti?

Ɗan_Kwari:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar agogunan nutso. So nake in fara tara su a hankali, na farkon ne ya tsaya mini a rai. Wani dillali ya kawo mini Rolex Submariner mai kwanan wata, samfurin 16610, baƙar fuska, ya ce ƙirar 2004 ne. Babu kwali, babu takardar garanti, daga agogon sai sarƙarsa. Kuɗin da ya yanka ya fi na sabon Omega Seamaster Diver 300M, ya kuma kusa ninka na Tudor Black Bay 58.

Ta yaya zan tabbatar na asali ne, kuma ba a yi masa haɗe-haɗe ba? Tunda an rubuta mita 300 a fuskarsa, zan iya yin alwala da wanka da shi hankali kwance? Sannan a cikin ukun wanne ya fi riƙe darajarsa idan mutum ya tashi sayarwa? Allah ya saka da alheri.

Baffa_Gwale:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Kwari, kafin maganar jabu, fara da duba ko agogon ya yi daidai da shekarar da aka ce. An daɗe ana ƙera 16610, tun ƙarshen shekarun 1980 har 2010, kuma a tsawon wannan lokaci an sauya masa abubuwa da dama. Na 2004 yana da kamannin da aka san shi da su, kowane ɗaya ya kauce sai an yi maka bayani.

A cire sarƙar, wannan dole ne. Tsakanin ƙahonnin gidan agogon, inda sarƙa ke maƙalewa, ta wajen ƙarfe 12 za ka ga lambar samfuri, ta wajen ƙarfe 6 kuma lambar siriyal. Na wannan shekara yawanci da harafin F lambar ke farawa. Zanen lambobin Rolex siriri ne mai zurfi, yana ƙyalli idan ka karkata shi ga haske. Na jabu yakan fito dishi-dishi. Ƙahonnin na 2004 ba su da hudar da ta ɓulla waje, domin wajen 2003 aka daina hudar. Sarƙarsa ita ce mai lamba 93250, wadda bakinta da ke haɗuwa da gida curarren ƙarfe ne. Idan ka ga 93150 mai bakin gwangwani, ta tsohon ce aka ɗaura masa, sai farashi ya sauka.

A ƙasan fuska, ƙarƙashin ƙarfe 6, Swiss Made kawai za a rubuta. Idan ka ga T<25, fuskar ta kafin 1998 ce, lokacin da ake amfani da tiritiyom, sinadarin da ke sa fuska haske a duhu. Haska masa tocila na rabin minti ka shiga duhu: ɗigogin fuska da hannaye da ɗigon da ke kan zobe duk su ba da kore iri ɗaya, su kuma dusashe tare. Shuɗin haske na baya-bayan nan ne, bai kamata a gan shi a agogon 2004 ba. Hannaye su fi fuska haske sosai, to an sauya ɗaya daga ciki.

Bangon ciki da ke tsakanin fuska da gilashi a wannan shekara sumul yake. Rubutun sunan kamfanin da ke zagaye shi sai 'yan shekaru bayan nan ya shigo Submariner. Gilashin kuma yana da ɗan ƙaramin kambi da aka zana da leza a saitin ƙarfe 6, wanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsa da kyau. Wanda ya fito ɓaro-ɓaro daga nesa abin tuhuma ne. Ƙullutun da ke kan kwanan wata yana ƙara girman lamba sau biyu da rabi, lambar ta kusa cika tagar. Zoben sama na alminiyom ne, gefe ɗaya yake juyawa, saɓanin tafiyar hannun agogo, taku 120 a zagaye ɗaya.

Duk wannan da na lissafa, masu yin jabu na yanzu sun haddace shi, har injin 3135 da ke cikinsa suna kwaikwaya. Saboda haka ba a biyan kuɗi sai an buɗe murfin baya a gaban mai gyaran da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Dillalin da ya ce buɗewa za ta ɓata agogo, ka yi masa godiya ka tafi.

Maganar takardu. Rashinsu a agogon da ya haura shekara ashirin ba abin mamaki ba ne, mutane na zubar da kwali. A 2004 takarda ake bayarwa mai lambar siriyal da aka huda a jiki. Katin roba daga baya ya zo. Idan gobe dillalin ya dawo da kati ya ce an gano shi a durowa, ka san da wa kake ciniki. Abin da rashin takardu ke jawowa biyu ne: ragin farashi, wanda kai ma za a yi maka ranar sayarwa, da haɗarin kayan sata. Akwai The Watch Register da ke Landan, inda ake biyan ɗan kuɗi kaɗan a duba lambar siriyal ko an kai rahoton sace agogon. Kamfanin Rolex ma yana da nasa kundin, kuma agogon da aka kai rahotonsa idan ya shiga cibiyar sabis ɗinsu ba lallai ya dawo hannunka ba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar siriyal da sa hannun mai sayarwa da shaidu.

Abu na ƙarshe shi ne guga. Kalli ƙahonnin nan huɗu daga gefe: kaurinsu ɗaya? Gefensu yana da kaifi ko ya yi lumbu-lumbu? Kafaɗun nan biyu da ke kare maɓallin wani, wato wanda ake murɗawa a yi wa agogo wani a saita lokaci, sun yi daidai da juna? Agogon da aka yi ta kai wa injin guga yana sheƙi a ido, amma ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa, kuma a wurin masu tara agogo wannan ya fi rashin kwali rage daraja. Riƙe gidan a tsaye ka bar sarƙar ta miƙe gefe. Idan ta lanƙwashe ƙasa sosai, filolinta sun ci.

Mai_Gyaran_Agogo:

Baffa ya gama da waje, bari in shiga ciki.

Alhaji, mita 300 da ke fuskar nan labarin ranar da agogon ya bar masana'anta ne. Abin da ke hana ruwa shiga zobban roba ne: na murfin baya, na cikin bututun maɓallin wani da na cikin maɓallin kansa, sai zoben da ke danne gilashi. Roba tana bushewa ta taurare, zafi da gumi da sabulu da turare suna gaggauta hakan. Masu fesa turare a wuyan hannu su lura. Agogon da ba a san ranar da aka yi masa sabis na ƙarshe ba, a ɗauke shi a matsayin wanda ba ya jure ruwa har sai an gwada.

Gwajin iri biyu ne. Na bushe, ana sa agogon a tukunyar na'ura, a zuƙe iska sannan a matsa ta, na'urar tana auna ɗan lanƙwasar da gidan ke yi. Idan ya lanƙwasa ya tsaya, a rufe yake. Idan ya koma yadda yake, iska na shiga ta wani wuri. Yawancin na'urorin shago a matsin bar 10 suke tsayawa, wato mita 100, kuma wannan ya wadatar ga alwala, ruwan sama da iyo. Mita 300 kuwa bar 30 ne, sai babbar cibiya. Na biyu shi ne na ruwa, wanda ake bi da gwajin raɓa: a ɗumama agogon zuwa digiri 40 ko 45, a ɗiga ruwan sanyi a kan gilashi, a goge bayan minti ɗaya. In hazo ya taru ta ciki, akwai danshi a gidan. Mai jiƙa agogonsa sau biyar a rana ya riƙa yin gwajin bushe sau ɗaya a shekara, ba ya ɗaukar lokaci. Kuma duk ranar da aka buɗe murfin baya, ko don dubawa kawai, a sake gwadawa bayan an rufe.

Mafi yawan agogunan nutso da ruwa ya shiga, ta maɓallin wani ya bi: an saita lokaci an manta ba a murɗe shi ya koma ba. Wajen mayar da shi, danna a hankali, ɗan juya baya har ka ji zaren ya zauna, sannan ka murɗa gaba da yatsu biyu har ya tsaya. Kada a ƙara ƙarfi, robar ce ke rufewa ba ƙarfin hannu ba, matsewa fiye da kima tana cinye zaren bututun. Idan ka taɓa ganin hazo a cikin gilashi, a kai shi a buɗe a ranar. Sa shi cikin shinkafa ɓata lokaci ne; kwana biyu zuwa uku sun isa tsatsa ta kama sandar wani da ƙananan ƙarafan da ke saita lokaci, daga nan ta bi fuska ta ɓata ta.

Yanzu inji. Na 16610 shi ne 3135: duwatsu 31, bugu 28,800 a awa, yana riƙe wani na kimanin awa 48. Idan aka buɗe, wilin da ke kai-komo yana ƙarƙashin gada mai ƙafa biyu, kuma a cikin bakinsa akwai ƙananan notuna huɗu na zinariya, da su ake saita gudu. Ba shi da hannun nan da ake turawa a ƙara gudu ko a rage kamar na ƙananan injuna. Akwai kuma wiloli biyu jajaye a ɓangaren da ke yin wani da kansa. Raunin wannan inji sananne ne: farantin da ke lilo yana juyawa ne a kan sanda ba a kan boris ba. Idan mai ya bushe sandar ta ci, farantin ya sunkuya ya fara gogar gadojin inji, garin ƙarfe ya bazu ko'ina. Alamarsa ita ce zane mai zagaye a gefen inji ko a cikin murfin baya, da ƙarar gogayya idan ka girgiza agogon kusa da kunne.

A ɗora shi a na'urar sauraren bugu bayan an cika masa wani, juyi 30 zuwa 40, a saita kusurwar na'urar a digiri 52. Fuska sama, faɗin lilon wilin ya kasance tsakanin digiri 270 da 310. A tsaye zai sauka da kamar 20 zuwa 40, wannan daidai ne. Ƙasa da 250 a kwance da cikakken wani na nufin mai ya bushe ko sifirin ya gaji. Bambancin bugu kada ya wuce rabin milisakan da yawa. Gudu kuma ma'aunin COSC, hukumar gwajin agogo ta Suwizalan, shi ne daga rage daƙiƙa 4 zuwa ƙara 6 a rana. Kada gudu kaɗai ya ruɗe ka, domin ana iya saita busasshen inji ya ba da lokaci daidai na ɗan wani lokaci; faɗin lilon ne ke tona asiri. Idan ya nuna yana bukatar sabis, a cire kuɗin daga farashi, kuma cikakken sabis a cibiyar kamfani yakan kusanci dala 1,000, ya wuce idan za a sauya gilashi da maɓalli.

Agogon da ya wayi gari yana ƙara mintuna a rana, galibi maganaɗisu ya kama siririn sifirinsa, daga lasifika ko murfin kwamfutar hannu ko maɓallin jaka. Kusanta shi da kamfas, allurar za ta motsa. Cirewa aikin daƙiƙoƙi ne da ƙaramar na'ura, kada wani ya caje ka kuɗin sabis a kansa.

Injiniya_Tudun_Wada:

Ni ina da ɗan saɓani da inda zancen ya nufa. Duk abin da Baffa da Malam mai gyara suka faɗa gaskiya ne, amma ku dubi yawan ramukan da ake so mai farawa ya tsallake a sayayyarsa ta farko. Tsohon Submariner maras takardu agogo ne na wanda ya riga ya riƙe goma a hannu ya san yadda na kirki yake. Na farko ya kamata ya zama wanda za ka koyi harkar da shi ba tare da fargaba ba.

Seamaster Diver 300M na yanzu, wanda aka sabunta a 2018, faɗinsa milimita 42, fuska da zobe na seramik, injin 8800 mai riƙe wani awa 55. Hukumar awo ta Suwizalan, METAS, tana gwada kowane ɗaya bayan an haɗa shi, kuma yana jure maganaɗisu har gaus 15,000 saboda sifirinsa na silikon ne. Matsalar lasifikar da aka ambata ba ta shafe shi ba. Murfin bayansa gilashi ne, kana ganin inji ba sai an buɗe ba. Garanti shekara biyar. Abin lura shi ne maɓalli na biyu da ke saitin ƙarfe 10, na fitar da iskar hiliyom. Amfaninsa ga masu aikin ƙarƙashin teku ne da ke kwana a ɗakin matsi. Gare mu ƙarin ƙofa ce kawai, a bar ta a murɗe. Kuma yana da kauri, ba ya shiga ƙarƙashin hannun kaftani mai maɓalli cikin sauƙi.

Black Bay 58 shi ma 2018 ya fito: milimita 39, kaurinsa bai kai 12 ba, mita 200, injin MT5402 mai awa 70, babu kwanan wata. Ka cire shi yammacin Juma'a, Litinin da safe yana tafiya. Ga siririn hannu ya fi duka zama daidai.

Game da riƙe daraja, Rolex ne gaba, ba na musu. Sabon Omega yana faɗuwa da zarar ka fito daga kanti, Tudor ma haka, ko da yake bai kai shi ba. Maganin wannan shi ne ka sayi wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu a hannun wani, da kwalinsa da katunansa, sauran garanti na tafiya. Faɗuwar ta riga ta hau kan na farko. Sannan Rolex ɗin ma ba banki ba ne. Farashin na hannu ya kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan ya yi ta sauka, waɗanda suka saya a lokacin don riba sun ji jiki. Kada kuma tashin dala ya ruɗe mu: agogo na iya ƙara kuɗi a naira alhali a dala ya ragu. Da dala ake auna shi, a kuma cire kuɗin sabis da la'adar dillali kafin a kira abin riba.

In kuwa Submariner ɗin ne a rai ko ta halin ƙaƙa, akwai hanyoyi masu tsabta. Polo ne dilan Rolex a Legas da Abuja, a Dubai kuma Ahmed Seddiqi, sai dai sabon Submariner, samfurin 126610LN, ya haura dala 10,000 kuma ana jira kafin a samu. Tun ƙarshen 2022 Rolex ya fara sayar da na hannu da ya tantance da kansa ta wasu dilolinsa, da garantin shekara biyu. Ya fi tsada, amma babu zullumi. A Chrono24, kasuwar agogo ta intanet, kuma a biya ta asusun amanarsu kawai, wanda ke riƙe kuɗi har kaya ya iso. Mai cewa ku koma WhatsApp zai yi maka ragi, rabu da shi.

Ɗan_Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Dillalin ya yarda a buɗe a kuma gwada. Amma ya ce idan na saya zai sa a goge shi a sauya zoben sama, domin ya ɗan koɗe, ya koma kamar sabo. Ya kuma nuna mini wani mai ruwa biyu, fari da rawaya. Me kuka gani?

Baffa_Gwale:

Kada ka bari a taɓa shi. Koɗewar zoben alminiyom ba aibi ba ne, masu tarawa har nema suke yi, kuma zoben da za a sa maka a kasuwa da wuya ya zama na kamfani. Da zarar ɓangare ɗaya na waje ya hau agogon, cibiyar Rolex za ta iya ƙin karɓarsa sai ka yarda an cire an sa nata, da kuɗinka. Guga kuma na riga na faɗa. Ƙananan zane a gefen gida da makullin sarƙa ba sa rage komai, kowa ya san agogon sawa ne.

Wannan gargaɗin ya shafi har sabis na kamfani. Su burinsu agogo ya koma sabo, don haka sukan goge gida, su kuma ba da shawarar sauya fuska ko hannaye ko zobe idan sun tsufa, kuma galibi ba sa mayar maka da tsoffin. Lokacin miƙa shi ka sa a rubuta a takardar karɓa: ba guga, ba sauya fuska, hannaye da zobe. Ka nemi ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin su fara. Abin da za ka yarda a sauya ba gardama shi ne zobban roba, sifirin wani, sandar farantin nan, bututu da maɓalli idan zarensu ya ci, da filolin da ke riƙe sarƙa. Filolin nan biyu su ne mafi arha a jikin agogon, kuma su ke hana shi faɗuwa a kwalta.

Mai ruwa biyun 16613 ne, kuma rawayar zinariya ce ta gaske mai karat 18, a zobe da maɓalli da tsakiyar sarƙa. Ga namiji Musulmi hukuncin sa zinariya sananne ne, sai ka yi la'akari kafin ciniki. Ta fuskar ƙarfe ma zinariya ta fi laushi, sarƙar irin wannan ta fi saurin saki.

Injiniya yana da hujja a kan sayen mai garanti da farko, ba na ƙi ba. Amma idan wannan ya tsallake buɗewa da na'urar bugu da gwajin ruwa, lambarsa ta fito tsaf a rajista, ƙahonninsa kuma da kaurinsu, to 16610 agogo ne mai kyau da kayan gyaransa ke samuwa, kuma duk ƙwararren mai gyara ya san 3135.

Wajen kulawa, ƙurar hunturu tana haɗuwa da gumi ta shiga tsakanin gaɓoɓin sarƙa da ƙarƙashin zobe, ita ke cin filoli a hankali har sarƙa ta saki. Bayan ya ci gwajin ruwa, duk sati biyu ka tabbatar maɓalli a murɗe yake, ka wanke shi da ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulun ruwa da tsohon buroshin haƙori mai laushi, kana juya zoben a ƙarƙashin famfo, ka ɗauraye ka goge. In ya shiga teku ko kwamin iyo, a ɗauraye shi a ranar. Ruwan zafi na wanka a cire shi. Idan agogunan sun fara yawa ba sai ka sayi akwatin da ke juya su ba. Wanda aka ajiye a yi masa wani sau ɗaya a wata ya isa. Ka ɗauki hoton lambar siriyal da na injin ranar da aka buɗe, ka ajiye su tare da rasit a wani wuri dabam da inda agogon ke kwana.